Zaman wata goma a Abuja: in biya hayar shekara ko in kama na wata-wata?

Baban Sadiya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wurin aikinmu za su tura ni Abuja daga Katsina na tsawon wata goma, daga farkon Maris zuwa ƙarshen Disamba. Ofishin yana tsakiyar gari, kusa da Sakatariyar Tarayya. Zan taho da maiɗakina da yara biyu ƙanana, kuma ina da 'yar mota. Abin da nake nema ɗaki biyu da falo ne, in kuɗi ya ƙi kuma ciki da falo mai faɗi ya isa.

Wasu sun ce in biya shekara kawai in sayi kaya, wasu sun ce in kama gida mai kaya a ciki da ake biya wata-wata. Wanne ya fi? Wace unguwa ta dace da mai aiki a tsakiyar gari? Kuma me zan duba kafin in saki kuɗina? Zan shigo a Fabrairu in yi kwana biyu ko uku ina dubawa. Allah ya saka da alheri.

Dillalin Gwarinpa:

Wa alaikumus salam Malam. Abu na farko da za ka riƙe shi ne, kuɗin da ejan ya faɗa maka a waya ba shi ne kuɗin gidan ba. A Abuja haya ta shekara ce, ana biya gaba ɗaya kafin a ba ka makulli, kuma akwai abubuwa huɗu da ke hawa kanta. Akwai la'adar ejan, wadda aka saba kashi 10 cikin ɗari na hayar. Akwai kuɗin lauyan da ya rubuta yarjejeniya, wani wuri kashi 5, wani wuri kashi 10. Akwai kuɗin ajiya na gyaran ɓarna, wanda a ƙa'ida za a dawo maka da shi ranar da ka tashi in ba ka lalata komai ba. Sai kuɗin hidima, in gidan a cikin rukunin gidaje yake: masu gadi, kwashe shara, turo ruwa, fitilun waje, wani lokaci har man janareta.

Bari in buga maka misali da lambobin da na ɗauka don lissafi kawai, kai sai ka sa na gidan da aka nuna maka. A ce haya miliyan 2. Ejan 200,000, lauya 200,000, hidima 300,000. Ka ga miliyan 2 da dubu 700 ke nan da ba za su dawo ba, ban da kuɗin ajiya da zai kwanta a hannun mai gida. A ce ka sayi katifu, firji, fanka, labule da tukunyar gas na 800,000, ranar tafiya ka sayar da su rabin kuɗi, ka yi asarar 400,000. Jimla miliyan 3 da dubu 100. To kada ka raba wannan gida 12, raba shi gida 10, tunda wata goma za ka zauna. Ya kama 310,000 a wata, ba a sa wuta da gas ba. Wannan lambar ita za ka ajiye kusa da farashin gida mai kaya na wata ɗaya. Yawancin mutane suna kwatanta tsurar haya da farashin mai kaya, shi ya sa lissafinsu ke fita a karkace.

A ganina, in zama bai wuce wata uku ba, mai kaya ya fi, domin la'ada da sayen kaya za su cinye ribar hayar shekara. Daga wata shida zuwa sama, hayar shekara ce mai sauƙi kusan kullum, ko da za ka bar wata biyu a banza. Masu gidaje masu kaya farashin kwana suke ginawa a kai, kuma a lokacin biki da ƙarshen shekara sun fi son mai kwana uku ya biya da tsada a kan mai wata goma ya biya da rangwame. In za ka bi ta nan, ka sa a rubuta cewa farashin ba zai motsa ba har Disamba, kuma ka tambayi wa ke sayen wuta. Da yawa za su ce wuta tana ciki, bayan sati biyu su ce ka wuce ƙa'ida.

Hanya ta uku ita ce cike ragowar wa'adin wani. Abuja garin canjin wurin aiki ne, ba a rasa wanda ya biya shekara aka ɗauke shi bayan wata biyu ko uku. Irin wannan yakan bar maka har da kayansa a farashi mai kyau, kuma babu la'adar ejan. Ka fara tambaya a ofishin da za ka da masallacin unguwar da kake so. Sharaɗi ɗaya ne: mai gida ya sani, ya yarda a rubuce. In ba haka ba, a idonsa kai baƙo ne kawai, kuma kuɗin ajiyar da sunan wancan yake.

Game da 'yan damfara, salonsu bai cika sauyawa ba. Gida mai kyau a Facebook ko WhatsApp da farashin da ya gaza na unguwar sosai, sannan a ce wani yana kan hanya da kuɗi, ka tura rabi a riƙe maka. Kada ka tura ko sisi a kan bidiyo. Ejan yakan karɓi ɗan kuɗin zagayawa da kai, wannan an saba, amma ka biya shi a ƙofar gida, ba kana Katsina ba. Ka kuma tambaye shi kai-tsaye ko shi mai gida ya ba wa gidan, ko kuwa daga bakin wani ejan ya ji. Gida ɗaya yakan bi ta hannun ejan uku, kowa ya ɗora nasa, kuma idan rigima ta tashi babu wanda zai iya kai ka wurin mai shi.

Direban Berger:

Malam, maganar unguwa kada ka auna da kilomita, auna da hanyar da za ka bi ƙarfe bakwai na safe. Manyan hanyoyi uku ne ke zubo ma'aikata cikin gari.

Hanyar Keffi, wato Karu, Nyanya, Mararaba, Ado, Masaka, har ta faɗo mahaɗar AYA da ke Asokoro. Nan haya ta fi sauƙi, Hausawa sun yi yawa, abinci da araha. Amma cunkosonta ya fi na kowace, safe da yamma, musamman daga gadar Mararaba zuwa Nyanya da hawan Kugbo. Wanda zai shiga ofis ƙarfe takwas daga can, bayan sallar asuba yake fitowa. Abin da ka rage a haya za ka zuba shi a fetur da kuloci. Da ƙananan yara a gida kuma, za ka fita suna barci ka dawo suna barci. Ni ba zan ba ka shawarar can ba sai in kuɗi ya tilasta. In ya tilasta, tsaya a Karu ta ɓangaren Abuja, kada ka tsallaka Mararaba, wadda ma jihar Nasarawa ce.

Hanyar Kubwa: Gwarinpa, Dawaki, Dutse Alhaji, Kubwa, Dei-Dei, har Zuba. Titin yana da faɗi, kuma ita ce hanyarka ta gida, in za ka Katsina ba sai ka ratsa gari ba, daga Zuba ka miƙe Kaduna. Matsalarta ba kan babban titi take ba, a mafitar unguwanni take. Gida a can cikin Kubwa ko bayan kasuwar Dutse zai iya cin maka lokaci kafin ka hau titi fiye da wanda za ka ci daga titi zuwa Sakatariya. Don haka tambayar ita ce minti nawa daga ƙofar gida zuwa babban titi da safe.

Hanyar filin jirgi: Lugbe da kewayenta, ta shigo ta Ƙofar Gari. Ita ma mai faɗi ce kuma tana sauke ka kusa da tsakiyar gari. Sai dai yawancin rukunan gidajen suna nesa da titi, a kan hanyoyin ƙasa. A Fabrairu ƙura ce kawai za ka gani, a Agusta 'yar motarka za ta sha wuya.

In aljihu zai ɗauka, ciki da falo a Wuye, Utako, Jabi, Garki ko Durumi ya fi ɗaki biyu a nesa, tunda zaman na wata goma ne ba na dindindin ba. Ɓangaren Apo, Gudu da Lokogoma ma ba nisa, amma shataletalen Galadimawa da mahaɗar Apo suna cushewa.

Ka kuma yi tunanin Hajiya ranar da kai da mota kuna ofis. An hana acaɓa a cikin gari tun 2006, Keke Napep ma an taƙaita shi zuwa cikin unguwanni. A wasu sababbin rukunai sai mutum ya taka mai nisa kafin ya ga abin hawa. Ka duba akwai keke a bakin ƙofa, akwai kemis da asibiti kusa. Kuma ku duka ku kiyayi shiga motar da ba ta tasha ba, saboda 'yan wan-cans masu yi wa fasinja fashi a cikin mota, ku hau a tasha ko ku kira ta manhaja.

Cikin kwana ukun nan naka, ka ware safiya ɗaya ta ranar aiki, Litinin in zai yiwu, ka tashi daga ƙofar gidan da ka fi so ƙarfe bakwai ka tuƙa har ofis. Ejan ranar Asabar da rana yake son kai mutum, lokacin da titi ba kowa.

Injiniya Mai Waya:

Yallabai, zuwanka a Fabrairu yana da amfani ta wani gefen, yana da haɗari ta wani. Amfaninsa, lokacin ne rijiyoyin burtsatse ke ja baya, don haka in gida yana da ruwa a Fabrairu da Maris, yana da shi duk shekara. Haɗarinsa, damina gaba ɗaya a cikin gidan za ta same ka, daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma da rani kowane rufi lafiyayye ne a ido. Sai ka karanci alamun da daminar bara ta bari.

Fara daga waje. Dubi gidan yana ƙasa da titi ne ko sama da shi. Dubi katanga daga waje, ambaliya takan bar layin laka a miƙe. Dubi ƙasan get ko tsatsa ta cinye shi, dubi ko an ɗaga dokin ƙofa da sabon siminti, ko akwai buhunan yashi a gefe. In akwai rafi ko babban kwalbati a baya, tambayi mai shago ko mai wanki na layin ina ruwa ya tsaya bara. Kada ka tambayi mai gadin gidan, shi amanar mai gida yake riƙe. Wannan ba wasa ba ne a Abuja: rukunin Trademore a Lugbe ya sha ambaliya mai tsanani a Yunin 2023, kuma sassan Lokogoma da ke bakin rafi an san su da haka. Ba duk Lugbe ko duk Lokogoma ba, gidajen da aka gina a hanyar ruwa ne.

A ciki, ɗaga kai ka dubi silin, musamman kusurwoyi. Tabo ruwan ƙasa, ko wuri ɗaya da fentinsa ya fi sauran haske, yoyo ne. Gine-ginen da aka ɓoye rufinsu a bayan bango sun fi wannan matsala, domin ruwan yana bi ta kwatar siminti a sama, ganye da ƙurar hunturu su toshe bututun, ruwan farko ya taru ya gangaro cikin bango. Sannan sunkuya ka dubi gindin bango. Fenti mai kumbura, farin gari kamar kanwa, ko sabon fenti da ya tsaya iya gwiwa, danshi ne ke hawowa daga ƙasa. Buɗe kowane wadirob ka shinshina. Irin wannan ɗaki yana lalata kaya, kuma yana tayar wa yara da tari. Hawa na ƙarshe kuma zafi ne a Maris da Afrilu, balle ɗakin da bangonsa ke kallon yamma. A bene mai hawa uku, na tsakiya ya fi kowanne.

Ruwa. Tambayi daga ina yake. Na hukumar ruwa daga madatsar Usuma yake zuwa, yana kai wa tsofaffin unguwanni irin su Wuse, Garki, Maitama da Asokoro, da sassan Gwarinpa da Kubwa. Yawancin sababbin unguwanni burtsatse ne. In burtsatse ne, tambayoyi uku: wa ke kunna famfo, da wace mita yake aiki, kuma in ya ƙone wa zai gyara. Sannan dubi tankin sama. Gida mai mutum huɗu da masai na ruwa yana shan lita 200 zuwa 300 a rana in an haɗa da wanki. Tanki ɗaya mai lita 2,000 a kan gidaje shida ba zai kai yini biyu ba in wuta ta ɗauke. Buɗe famfon kicin da na banɗaki lokaci guda ka ga ƙarfinsu. Tari ruwan a farin bokiti ka bar shi minti goma, in ya yi ja ko ya kwantar da laka ka sani. In ka ga jarkoki jere a ƙofar maƙwabta da kurar 'yan ga-ruwa tana shiga da fita, ka samu amsarka ba sai ka tambaya ba. Ja ruwan masai sau biyu a jere, ka kuma zuba bokiti guda a daɓen banɗaki ka ga ko ramin yake nufa ko ƙofa. Zagaya baya ka dubi murfin sokawe, wato ramin da masai ke zuba, in ƙasa ta jiƙe a kewayensa da rani, ya cika ko ya fashe, a kwashe kafin ka shiga.

Wuta ita ce inda kuɗi ke zurarewa ba a sani ba. AEDC ke ba Abuja wuta, kuma layuka kashi-kashi ne. Band A alkawarinsa awa 20 zuwa sama a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga farashin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sauke shi zuwa ɗari biyu da 'yan kai, ya ninka na sauran layuka kusan sau uku. Na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya da rabi tana jan sama da yunit ɗaya kaɗan a awa. Awa takwas a dare zai iya kai yunit tara, wato kusan naira 1,900 a wannan farashin, a wata ya haura 50,000, ɗaki ɗaya ke nan. Hita ta ruwan wanka da risho na lantarki su ma haka suke ci. Ba cewa nake ka guji Band A ba, da yara da firji ya fi sayen fetur na janareta nesa ba kusa ba. Ka dai sa shi a lissafi.

Dole gidan ya zama da mitarsa ta kati shi kaɗai. Mita ɗaya tsakanin gidaje huɗu rigima ce kowane wata. Karɓi lambar mitar, ka sayi wutar naira dubu biyu a wayarka kana tsaye a wurin. Rasit ɗin zai nuna maka sunan da ke kan mitar, farashin yunit, da ko ana cire tsohon bashi. In yunit ɗin da ya fito ya gaza abin da lissafi ya ba ka, akwai bashi a kanta, mai gida ya biya kafin ka sa hannu. Loda lambobi 20 da ke kan rasit ɗin ka tabbata mitar ta karɓa. Daga nan kunna duk abin da ke gidan ka ga ɗan jan hasken mitar yana ƙara saurin ƙiftawa. In bai motsa ba, an yi satar layi ta bayanta, kuma ranar da ma'aikata suka gano, wanda suka tarar a gidan shi zai fara amsa tambaya. Gwada akasin haka ma: kashe komai, in tana ci gaba da ci, an jona famfon burtsatse ko fitilun waje a kanka.

Wasu rukunai ba daga AEDC kake sayen wuta ba, daga ofishin rukunin ne, su haɗa da kuɗin dizal su sa nasu farashi. Tambayi nawa yunit a can.

Abu na ƙarshe, koma gidan tsakanin magariba da ƙarfe tara, da ɗan ma'aunin da ake sokawa a soket. Ya kamata ya nuna 220 zuwa 240. In yana sauka ƙasa da 180, taransifomar unguwar ta yi wa jama'a kaɗan, firji zai yi ta gurnani bai yi sanyi ba, sai da sitabilaiza. A zuwan nan na dare za ka ji ƙarar janareton maƙwabta, ka ga inda hayaƙinsu ke bi, ka kuma gwada layin wayarka a cikin uwar ɗaka da ƙofa a rufe.

Barista A.:

Malam Baban Sadiya, ƙari a kan abin da Dillali ya faɗa, ta fuskar takarda.

Kafin biya, ka san wa kake biya. Nemi ganin kwafin takardar mallaka, ko C of O ce ta gwamnati, ko takardar rabon gida, ko ta sayen gidan, ka gwada sunan da ke ciki da na yarjejeniya da na asusun banki. In ukun ba su zo ɗaya ba, a nuna maka wasiƙar da mai gida ya wakilta lauya ko kamfanin da ke karɓa. In kamfani ne, ana iya duba rajistarsa a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Biya ta banki, ka rubuta a bayanin turawa cewa hayar gida lamba kaza ce daga rana kaza zuwa rana kaza. La'adar ejan daban, kada ka haɗa ta da haya a asusunsa. Ka karɓi daftarin yarjejeniya ka karanta kafin kuɗi ya fita. Lauyan da za ka biya kashi 10 ɗin nan, mai gida yake yi wa aiki, ba kai ba.

Ka yi hattara da gidaje masu araha a ƙauyukan da gari ya cim ma, inda aka sayi fili a hannun masu unguwa aka gina ba da izinin hukuma ba. Sashen kula da gine-gine na Abuja yana shafa jan fenti ya rushe, kuma ɗan haya ba ya samun diyya. In ka ga jan gicciye ko rubutu a katangar gidan ko na maƙwabta, ko wurin da aka shafe shi da sabon fenti, wuce.

Abubuwan da za ka nace a rubuta su ne waɗannan. Ranar fara wa'adi ta zama ranar da aka ba ka makulli bayan an gama gyara, ba ranar da ka biya ba. Gyaran da aka yi alkawari a jera su ɗaya bayan ɗaya da ranar gamawa, domin “za a gyara” ta baki tana mutuwa da zarar kuɗi ya shiga. Rufi, sokawe, burtsatse da wayoyin cikin bango na mai gida ne, ƙwan fitila da kan famfo naka. Harajin gida na ƙaramar hukuma da kuɗin shara na hukumar muhalli ta AEPB a faɗi wanda zai biya, kuma tsohon bashinsu ba naka ba ne. Kuɗin ajiya a rubuta adadinsa, da kwana nawa bayan tashi za a dawo da shi, da cewa tsufan fenti na yau da kullum ba ɓarna ba ne.

Tunda ka san za ka tashi bayan wata goma, faɗi tun yanzu. Ka nemi ɗaya daga biyu: ko a rubuta wa'adin wata goma a rage kuɗi, wanda ba kowane mai gida ke yarda ba, ko a rubuta cewa kana da damar kawo wanda zai cike wata biyun da amincewarsa. Kusan kowace yarjejeniya tana hana sa wani a gida ba da izini a rubuce ba. In ba a rubuta komai ba, ba ka da hanyar tilasta masa ya mayar maka da kuɗin watannin da ba ka zauna ba.

Dokar karɓar gida daga ɗan haya da ke aiki a Abuja ta ce, in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan wata-wata sanarwar wata ɗaya yake da ita, mai biyan wata uku-uku ta wata uku, mai shekara-shekara ta wata shida. Bayan ta ƙare sai sanarwar kwana bakwai, sannan kotu. Amma in wa'adi ne tsayayye mai ranar farawa da ta ƙarewa, yana ƙarewa da kansa, kwana bakwai ɗin kawai ya rage. Wannan ne raunin gida mai kaya na wata-wata ga mai iyali: da sanarwar wata ɗaya za a iya tashinka a tsakiyar damina. Ko ta yaya dai, mai gida ba shi da ikon sauya makulli, yanke ruwa ko fitar da kayanka da hannunsa. Dokar Legas ta 2011 da mutane ke yawan ambata ba ta aiki a Abuja, kuma Mararaba da Suleja kowace dokar jiharta take bi.

Maman Hanifa:

Baban Sadiya, ni ban goyi bayan ciki da falo a cikin gari ba in yara biyu ne kuma uwarsu a gida za ta wuni. Direba ya duba wahalar mai fita, ba a duba ta mai zama ba. Yawancin ciki da falo na Wuye da Utako boyis-kwata ne a bayan gidan wani, taga ɗaya, ba tsakar gida, ba wurin shanya, kuma get ɗaya da mai gida. Wasu har ƙa'idar baƙi suke sawa, alhali duk ɗan'uwan da ya zo Abuja neman biza ko ganin likita wurinku zai sauka. Ɗaki biyu a Dawaki ko farkon Kubwa ya fi mata sauƙin rayuwa.

Ka tura mata bidiyon kicin kafin ka yanke. A duba yana da taga ko ƙofar baya, saboda gas da hayaƙi. A buɗe kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke, in katakon ya ruɓe bututu na yoyo, kuma nan kyankyasai ke taruwa. Ragar sauro a kowace taga, ba yagewa. In bene ne, a auna tazarar ƙarafan baranda, in kan yaro zai shiga a sa raga kafin ku tare. A sa feshin maganin ƙwari kwana biyu kafin kaya su shiga, gida yana fanko.

Kaya kuma kada ku saya kamar masu zaman shekara biyar. Katifa sabuwa, wannan ba a sayen tsohuwa saboda kuɗin cizo. Kafet da filalla sun wadatar a falo. Tukwane, labule da zannuwan gado ku taho da su daga gida. Firji ƙarami da fanka mai caji biyu, tukunyar gas mai kilo 12.5 takan kai kusan wata ga gida irin naku. In kujera ta zama dole, akwai kasuwar kayan katako a Kugbo. Hatsi, wake, man gyaɗa da busasshen kayan miya ku ɗauro daga Katsina, bambancin farashin ba kaɗan ba ne.

Baban Sadiya:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na karkata ga hayar shekara a ɓangaren Dawaki ko Kubwa. Barista, saura abu ɗaya: ana cewa kuɗin ajiya ba ya dawowa. Yaya zan yi nawa ya dawo?

Barista A.:

Yana dawowa ga wanda ya shirya masa tun ranar shiga. Ranar karɓar makulli, kafin kaya su shiga, ka zagaya da mai gida ko wakilinsa kana ɗaukar bidiyo: kowane bango, tayil da ya tsage, gilashi, kan famfo, soket, makullai nawa aka ba ka, da yunit ɗin da ke kan mita. Ku rubuta abin da kuka gani a takarda ɗaya ku sa hannu ku biyu, ka kuma tura masa bidiyon ta WhatsApp a ranar don kwanan wata ya zauna. Sauya kan makullin ƙofar waje, ka adana tsohon don ka mayar.

Farkon Nuwamba ka rubuta masa ranar da za ka tashi. Sati biyu kafin ranar ka kira shi ya zo a duba tare, ya faɗi abin da yake ganin ɓarna ce, ka kawo mai gyaranka ya gyara, domin in ka bar masa, farashinsa zai sa. Ramukan ƙusa a toshe, a biya hidima da shara a riƙe rasit. Kada ka bar makulli wurin mai gadi ka kama hanya. Miƙa shi hannu da hannu, a rubuta cewa an karɓi gida lafiya, da adadin da za a mayar maka, da lambar asusunka, da ranar biya. In ranar ta wuce, wasiƙar lauya guda takan isa, in ba ta isa ba akwai kotun ƙananan basussuka a Abuja, kuma wannan takardar da bidiyon su ne hujjarka.